Yadda Muka Koyi Lanƙwasa Layi a Azare

Kafin kwamfuta ta shigo shagunanmu, duk lanƙwasasshen layin da za ka gani a Azare hannun mutum ne ya ja shi. Akwai mai rubuta allon shago da burushi da fentin mai, da mai yanka hatimi da reza a jikin roba, da mai zana aska takwas da dagi a kan yadi kafin maɗinki ya sa allura. Babu wanda ya karanta lissafin zane a cikinsu, amma idonsu ba ya yafe wa karkatacciyar kwana. A hannun irinsu na tashi, kuma abin da suka koya mini shi nake ci har yau a gaban kwamfuta.

A farkon shekarun 2000 muka fara ganin CorelDRAW, a faifan da ake sayowa daga Kano. An fitar da manhajar ne a Ottawa ta ƙasar Kanada tun 1989, amma mu da ta iso mana tafireta mai kyawawan haruffa muka ɗauke ta. Hausa ce ta tilasta mana shiga cikinta sosai. Za a kawo katin ɗaurin aure, ko kalandar saukar Alƙur'ani, ko fostar ɗan takara, ka duba haruffan da ke cikin na'urar kaf babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mai gaggawa sai ya ɗiga waƙafi a gefe ya wuce. Mai kishin aikinsa kuwa sai ya danna Ctrl da Q, harafin ya tashi daga rubutu ya koma zane, ya danna F10, sai ga ƙananan ɗigogi sun fito a jikinsa. Su muke kira nod. Daga wuyan harafin yake jawo ƙugiya, ya lanƙwasa ta har ta yi kauri ɗaya da sauran jikin, ta yadda mai karatu ba zai gane ƙari aka yi ba. Da yawanmu a kan wannan ƙugiyar muka koyi sana'ar.

Abin da ke ɗaure wa sabon yaro kai shi ne, ba layin ake kamawa ba. Kowane yanki ɗigo huɗu ke riƙe da shi: biyu a bakinsa, inda ya fara da inda ya ƙare, biyu kuma a waje, waɗanda muke kira hannu. Layin ba ya taɓa na wajen, karkata kawai yake yi zuwa gare su, kamar doki da linzami: ka ja kaɗan ya juya kaɗan, ka fizga ya ƙwace maka. Tsawon hannu shi ke nuna zurfin kwana, inda ya fuskanta kuma nan layin zai nufa. Nod ɗin ma iri uku ne, mai kaifi don kusurwa, mai santsi, da wanda hannayensa biyu ke tafiya daidai wa daida. Wanda ya rarrabe waɗannan ya gama rabin karatu.

Sai daga baya na san cewa masu ƙera mota ne suka haifi abin. A 1959 wani masanin lissafi na kamfanin Citroën a Faransa, Paul de Casteljau, ya gano hanyar fitar da lanƙwasa daga 'yan ɗigogi: a haɗa su da miƙaƙƙun layuka, a raba kowanne, a sake haɗawa a sake rabawa, har a dira a kan ɗigo guda da ke jikin lanƙwasar. Kamfanin ya ɓoye aikin a matsayin sirrin kasuwanci. Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya kai ga irin wannan da kansa, ya bayyana wa duniya a shekarun 1960, ya kuma gina tsarin UNISURF na zana jikin mota. Shi ya sa sunansa ne a kan alƙalamin zane na manhajar da muke dannawa kullum, na de Casteljau kuwa sai mai bincike. Kafin su, masu ƙera jirgin ruwa siririn katako suke tanƙwarawa, su danne shi da dalma a wurare, su bi gefensa da fensir. Kamfanin Adobe ya sa lanƙwasar Bézier cikin tsarinsa na PostScript a 1984, daga nan ta shiga harkar ɗab'i, ta gangaro har teburinmu.

Zuwan ɗinkin kwamfuta ya ɗaga sana'ar zuwa wani mataki. A Wilcom, manhajar Ostareliya da masu keken ke amfani da ita, dannawar hagu kusurwa take ajiyewa, ta dama kuma lanƙwasa. A nan ne ƙarya ke ƙarewa. Takarda takan rufa wa mutum asiri, zare ba ya rufawa. In ka cika nod a jikin dagi, allura za ta bi kowace 'yar gargada, zaren ya taru wuri guda, shaddar ta tattare, kuma mai riga zai gani da idonsa ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katagum. Na sha kallon tsohon maɗinkin hannu ya tsaya a bayan yaro, ya ɗora yatsa a kan gilashi ya ce, "Ɗana, nan wurin ya karye." A duba, sai a tarar da nod biyar a inda biyu sun isa. Tsohon kuwa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Wannan ne ke damuna da yaran yanzu. Hazaƙa suna da ita, sun ma fi mu sauri. Amma sai a ɗauki hoton tambari a waya, a ce wa manhaja ta bi sawunsa da kanta, ta zubo ɗaruruwan nod, a tura wa injin bana ko injin yankan sitika a haka. Daga nesa lafiya lau, in ka matso gefen harafin duk tsattsage. Kyan layi yana cikin ƙarancin ɗigonsa, kuma mazaunin nod shi ne ƙololuwar kwana da inda layi ya sauya alkibla.

Akwai kuma inda mu manyan muka tsaya. Mun ƙware a shimfiɗaɗɗen zane, ba mu hau kan jiki mai tudu da kwari ba. Can ɗigogin raga suke zama, ka ɗaga ɗaya doron ya kumbura a wurin. Lanƙwasar Bézier ba ta iya fitar da cikakkiyar da'ira, kusantarta kawai take yi da yanki huɗu. Tsarin NURBS, wanda Ken Versprille ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Syracuse a 1975, shi ya ba kowane ɗigo nauyinsa, da'ira ta fita cif, kuma in ka taɓa ɗigo guda yankin layin da ke kusa da shi kaɗai ke motsi. Da shi ake zana jirgin sama da takalmi a manhajoji irin su Rhino. Ga masu walda a garin nan suna lanƙwasa ƙarfen get da ido, ga kafintoci masu gadon amare, ga masu silin fi'ofi, duk aikinsu lanƙwasa ne, kuma duk za su rage asarar kaya in an zana musu kafin su yanka.

Manhajojin zane irin su FreeCAD da Blender da Inkscape kyauta ake sauke su. Ɗalibai kuma ga su nan a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar jiha da ke Gadau, suna neman abin yi. Roƙona ga 'yan'uwana masu shaguna shi ne, kada a sallami yaro sai ya zana dagi da hannunsa a takarda, ya maimaita shi a kwamfuta da nod mafi ƙaranci, sannan a kai wa tsohon maɗinki ya duba.