Hope Springs (fim na 2012)

Hope Springs fim ne na ƙasar Amurka da ya haɗa soyayya, barkwanci da rikicin zaman aure, wanda aka fitar a shekarar 2012. David Frankel ne ya ba da umarni, Vanessa Taylor kuma ta rubuta labarin. Manyan 'yan wasan su ne Meryl Streep, Tommy Lee Jones da Steve Carell. Fim ɗin yana ba da labarin wasu ma'aurata da suka shekara 31 tare, amma zaman nasu ya yi sanyi har suka raba ɗakin kwana, sai matar ta matsa wa mijin suka tafi wajen wani ƙwararre mai ba ma'aurata shawara domin su yi mako guda a hannunsa. Tsawonsa kusan minti 100 ne. An kashe kimanin dala miliyan 30 wajen shirya shi, ya kuma tara fiye da dala miliyan 110 a gidajen sinima na duniya.

Fim ɗin ya raba kan 'yan kallo. An tallata shi a matsayin fim ɗin ban dariya, amma da yawa daga waɗanda suka shiga kallo sun tarar da labari mai nauyi game da kaɗaici a cikin aure da kuma kwanciyar aure tsakanin mutanen da suka manyanta, batun da finafinan Hollywood ba su cika taɓawa ba.

Labari

Kay da Arnold Soames suna zaune a birnin Omaha na jihar Nebraska. Arnold akawu ne a wani kamfanin lissafin kuɗi, Kay kuma tana aiki a kantin sayar da tufafin mata. 'Ya'yansu biyu sun girma sun bar gida. Ba faɗa suke yi ba, kuma babu wanda ya ci amanar wani. Matsalarsu ita ce komai ya zama al'ada: kullum da safe Kay ta soya masa ƙwai, shi kuma ya ci yana karanta jarida ba tare da ya ɗago kai ba, da dare ya yi barci a kujera gaban talabijin ana nuna shirin wasan golf. Sun raba ɗaki tun lokacin da Arnold ya yi fama da ciwon baya, kuma sun yi shekaru ba su kusanci juna ba. Kyautar da suka yi wa kansu ta cikar shekara 31 da aure ita ce ƙarin tashoshin talabijin.

Kay ta ci karo da littafin wani Dakta Bernard Feld, wanda ke gudanar da zaman shawara na mako guda a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Great Hope Springs a jihar Maine. Ta ciro dala 4,000 daga ajiyarta ta biya. Arnold ya ce ba zai je ba, domin a ganinsa aurensu lafiya lau yake, kuma wannan asarar kuɗi ce. Sai a ƙarshe, da ya ga da gaske za ta tafi ita kaɗai, ya bi ta zuwa jirgi.

Mafi yawan fim ɗin a ofishin Dakta Feld yake faruwa, mutum uku a ɗaki ɗaya, ma'auratan a kan doguwar kujera, kowa ya riƙe gefensa. Likitan yana yi musu tambayoyi kai tsaye game da yadda suka haɗu, yaushe suka daina kwana tare, da abin da kowannensu yake so amma bai taɓa furtawa ba. Yakan kuma ba su aikin da za su yi idan sun koma masauki, farawa da su rungumi juna kawai na ɗan lokaci. Arnold yana ta ƙorafi kan tsadar abinci da kuɗin zaman, yana kare kansa da baƙar magana. Kay tana magana a hankali, amma ita ce ke faɗin abin da ya fi ciwo: cewa zama da mutumin da ba ya taɓa ka ya fi zaman kaɗaici zafi.

Wasu daga cikin ƙoƙarin da suka yi sun ƙare da kunya, har wata rana Kay ta fice daga zaman tana kuka. Daga baya Arnold ya sassauto, ya kama musu tebur da ɗaki a wani masauki mai tsada, abin da ba halinsa ba ne. Daren ya fara da kyau, amma ya lalace, kuma Kay ta ɗauka cewa mijinta ya daina sha'awarta. Suka koma Omaha kamar ba a yi komai ba. Kay ta fara haɗa kaya da niyyar komawa gidan wata abokiyar aikinta na ɗan lokaci. A wannan daren ne Arnold ya taso daga ɗakinsa ya shiga nata. Yayin da sunayen ma'aikatan fim ke wucewa a ƙarshe, an nuna su suna sabunta alƙawarin aurensu a bakin teku, tare da 'ya'yansu da Dakta Feld.

'Yan wasa

Meryl Streep ta fito a matsayin Kay, Tommy Lee Jones a matsayin Arnold, Steve Carell kuma a matsayin Dakta Feld. Jean Smart ta fito a Eileen, abokiyar aikin Kay. Elisabeth Shue ta fito a Karen, mai aiki a wata mashaya a garin, Mimi Rogers kuma a Carol, maƙwabciyarsu. Marin Ireland da Ben Rappaport su ne 'ya'yan gidan.

Shiryawa

Wannan ne karo na biyu da Frankel ya yi aiki da Streep, bayan The Devil Wears Prada na 2006. Ita kuwa Vanessa Taylor a talabijin aka fi saninta a lokacin, tana cikin marubutan Game of Thrones. Daga baya ta rubuta The Shape of Water na 2017 tare da Guillermo del Toro. Sunan da aka fara sa wa labarin shi ne Great Hope Springs, kafin a gajarta shi.

Garin Great Hope Springs ƙirƙirarre ne. An ɗauki fim ɗin a jihar Connecticut a 2011, inda garin Stonington ya tsaya a madadin garin na Maine. Florian Ballhaus ne ya ɗauki hoto, Theodore Shapiro ya tsara kiɗa.

Ayyukan da Dakta Feld ke ba ma'auratan, wato a fara da runguma da taɓa juna ba tare da matsin kaiwa ga saduwa ba, sun yi kama da hanyar da masu bincike William Masters da Virginia Johnson suka fito da ita a birnin St. Louis a shekarun 1960. Su ma ma'aurata kan je wajensu ne daga nesa su yi zaman kullum na mako biyu.

Fitowa da ciniki

Kamfanin Columbia Pictures tare da Metro-Goldwyn-Mayer ne suka fitar da fim ɗin a Amurka ranar Laraba, 8 ga Agusta, 2012, da matakin PG-13, wato ana gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. A ƙarshen makon farko ya samu sama da dala miliyan 14, ya zo na huɗu bayan The Bourne Legacy, The Campaign da The Dark Knight Rises. Amma bai faɗi da sauri ba kamar yadda finafinan bazara suka saba. Ya ci gaba da jan mutane har ya kai kimanin dala miliyan 63 a Amurka da Kanada, wato fiye da ninki huɗu na abin da ya samu a ƙarshen makon farko. Hakan ya dace da ɗabi'ar manyan mutane, waɗanda ba sa rige-rigen ranar farko, sai sun ji labari daga bakin wasu.

Yadda 'yan kallo suka karɓe shi

Mafi yawan waɗanda suka je kallonsa a makon farko mata ne, kuma mafi yawansu sun haura shekara 40. A ƙuri'ar da kamfanin CinemaScore ke ɗauka a ƙofar sinima, sun ba shi makin B. A wannan ma'auni B ba yabo ba ne sosai, domin waɗanda ake tambaya mutane ne da suka zaɓi fim ɗin da kansu suka biya, kuma finafinan da suka gamsar da su yawanci A suke samu.

Babban dalilin wannan matsakaicin maki shi ne saɓani tsakanin talla da abin da aka tarar. Tallan ya tattaro wuraren ban dariya, ya kuma nuna fuskar Steve Carell, wanda aka sani da barkwanci a The 40-Year-Old Virgin da shirin talabijin The Office. Wanda ya ga haka zai zaci likita ne mai shirme zai rikita wasu dattawa biyu. Sai ga shi Carell bai yi wasa ko ɗaya ba: ya zauna cikin natsuwa, yana tambaya, yana saurare, yana barin shiru ya yi tsawo. Dariyar da ke cikin fim ɗin yawanci irin ta jin kunya ce, wadda mutum kan yi yana sunkuyar da kai. Ga wanda ya zo neman nishaɗi da matarsa, tambayoyin Dakta Feld na iya zama kamar shi ake yi wa.

Wannan abin da ya ɓata wa wasu rai shi ne kuma ya ja hankalin wasu. Ma'auratan da suka daɗe tare sun ga abin da suka sani: auren da babu duka, babu zagi, babu wata mace a waje, amma kuma babu hira. Streep tana da shekara 63 lokacin da fim ɗin ya fito, Jones yana da 65, kuma ba kasafai babban kamfani ke sa masu irin wannan shekaru a tsakiyar labarin sha'awa ba tare da an mai da su abin dariya ba. Lokacin fitowarsa ma ya dace da wata muhawara a Amurka. A shekarar 2012 ne masu binciken zamantakewa Susan Brown da I-Fen Lin na Jami'ar Bowling Green suka nuna cewa yawan mutuwar aure tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama ya ninka daga 1990 zuwa 2010. A shekarar ce kuma The Best Exotic Marigold Hotel ya yi ciniki mai kyau, abin da ya ƙara nuna wa kamfanoni cewa dattawa ma kasuwa ne.

An kuma yi saɓani kan wanda fim ɗin ya ɗora wa laifi. Wasu na ganin an tsananta wa Arnold, an nuna shi marowaci mai taurin kai, Kay kuma marar laifi. Sai dai labarin bai bar ta haka ba. A ɗaya daga cikin zaman, Arnold ya tuna mata cewa akwai lokacin da ita ce ta riƙa janye jiki, shi kuma ya gaji da nema ya haƙura. Ba a bayyana dalilin rufewar Arnold dalla-dalla ba, kuma wannan giɓi ne da wasu suka ɗauka rauni ne a rubutun, wasu kuma suka ce haka irin waɗannan mazan suke, su kansu ba su san amsar ba.

Ra'ayin masu sharhi

Masu sharhin finafinai sun fi 'yan kallo yaba shi. A Rotten Tomatoes kimanin kashi 75 cikin ɗari na sharhin da aka tattara na yabo ne, a Metacritic kuma ya samu maki 65 cikin 100. Yabon ya fi karkata ga 'yan wasan biyu. Ko da yake fim ɗin ya fito ne watanni kaɗan bayan Streep ta karɓi Oscar ɗinta na uku da The Iron Lady, masu sharhi da dama sun ce Jones ne ya ba da mamaki. An saba ganinsa a matsayin jami'in tsaro ko mutum mai kaushin hali, a nan kuwa ya nuna cewa kaushin rufin tsoro ne da kunya, kuma ya yi hakan da motsin fuska da yadda yake zama a kujera fiye da magana.

Sukar da aka fi maimaitawa ta shafi kiɗa. Frankel ya cusa sanannun waƙoƙi a wuraren da shiru zai fi tasiri, misali waƙar Why ta Annie Lennox a lokacin da auren ya kai maƙura, kamar ana tsoron kada mai kallo ya kasa gane abin da ya kamata ya ji. An kuma soki ƙarshen labarin da cewa ya zo da sauƙi: bayan minti casa'in ana nuna wahalar gyara abin da ya shekara yana lalacewa, dare ɗaya ya warware komai. Wannan suka tana da tushe, domin wuraren ofishin likita da ƙarshen fim ɗin kamar daga finafinai biyu daban aka ɗauko su.

Kyaututtuka

An zaɓi Meryl Streep cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe ta fitacciyar jaruma a rukunin finafinan barkwanci ko na waƙa. A bikin da aka yi a watan Janairun 2013, Jennifer Lawrence ce ta lashe kyautar da Silver Linings Playbook. Hope Springs bai samu shiga takarar Oscar ba. A wannan shekarar an zaɓi Tommy Lee Jones a takarar Oscar, amma saboda rawar da ya taka a fim ɗin Lincoln na Steven Spielberg.

Akwai wani fim mai wannan suna da ya fito a 2003, wanda Colin Firth, Heather Graham da Minnie Driver suka fito a ciki. Labarinsa daban ne, kuma ba shi da alaƙa da na 2012.