Kaboyin da Ya Banka wa Gari Wuta

A 1916, lokacin da fim bai fara magana ba, sai dai a rubuta zancen a allo mai kallo ya karanta, aka fitar da Hell's Hinges a Amurka. Jaruminsa William S. Hart, haifaffen Newburgh ta jihar New York a 1864, ba yaro ba ne. Ya daɗe yana wasan daɓe, ciki har da wasannin Shakespeare, kuma sai a 1914 ya shiga harkar fim, yana dab da cika shekara 50.

Labarin kuwa akwai ɗaci. An tura wani matashin fasto mai raunin zuciya, tare da 'yar'uwarsa Faith, wani garin 'yan iska. Mai gidan giyar garin ya ɗauki hayar ɗan bindiga Blaze Tracy, wato Hart, ya kore su. Da Blaze ya yi ido huɗu da yarinyar, sai jikinsa ya yi sanyi, ya koma karatun Baibul. Fasto kuma aka haɗa shi da mace da barasa, har ta kai da hannunsa ya cinna wa cocinsa wuta, aka kuma harbe shi. Blaze ya iso ya tarar da toka. Bai tsaya yi wa kowa wa'azi ba, ya ƙone gidan giyar, wutar ta lashe garin baki ɗaya.

A ganina nan ne gwanintar Hart take: mugun da ya tuba amma bai ajiye bindiga ba. Kayansa sun sha ƙura, fuskarsa ba fara'a, domin ya zauna a yammacin ƙasar yana yaro, kuma ba ya son a yi wa wurin kwalliyar ƙarya.

Wannan tsauri ne ya ja masa. Masu kallo suka karkata ga Tom Mix mai kaya masu ƙyalli da wasa da doki. Tumbleweeds na 1925 shi ne fim ɗin Hart na ƙarshe.

Ya rasu a 1946, ya bar wa gundumar Los Angeles gonarsa ta Newhall, inda aka binne dokinsa Fritz. A 1994 aka sa Hell's Hinges cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa.