Daga mai masauki zuwa dillali: tarihin haya a Yamai

Duk wanda ya taɓa yawon neman ɗaki a Yamai ya san wahalar: kuɗin dillali daban, na wata biyu ko uku a gaba daban, ga kosiyo. To ta yaya muka iso nan?

Da can, baƙo ba ya neman haya. Fatake daga Katsina, Tawa ko Damagaram in sun iso, zango suke sauka wurin mai masauki. Shi ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya samo musu mai saye, ladarsa ta hito cikin ciniki. Unguwar Zongo ta Yamai daga nan ta samo sunanta.

Abin ya fara canzawa a 1926, lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai. Suka gina wa kansu Filato, 'yan ƙasa kuma aka yanka musu filaye a gefe. Ma'aikaci mai albashi ya zo, ba fatauci ya kawo shi ba, zama zai yi. Sai ɗaki ya zama abin biya wata-wata.

Lokacin samun 'yancin kai a 1960, mutanen garin ba su wuce 'yan dubbai goma-goma ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Tsakanin nan abubuwa uku suka cika garin. Gadar Kennedy ta 1970 ta buɗe Harobanda. Kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya jawo ma'aikata. Sannan fari na 1973 da na 1984 suka koro talakawa daga karkara. Lazare da muke biyan haya a yau, sansanin waɗanda yunwa ta koro ne a da.

Masu fili suka gane riba: a jera ɗakuna cikin gida ɗaya, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya, kowa da ƙofarsa. Kamfanin SONUCI ya gina gidaje, amma na mai takardar albashi ne, mai turin baro bai gani ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, siminti da kwano suka yi tsada, mai gida ya juye nauyin kan ɗan haya.

Tun daga nan, ɗaki mai sauƙi kullum gudu yake zuwa bakin gari. Jiya Bukoki da Talaje, yau sai ka nufi Kubiya ko bayan filin jirgi. Abin da ka rage a haya, taksi da faba-faba da mai garuwa su karɓe. Wani kuma arahar ta kai shi kwari: ambaliyar 2020 ta rushe gidaje masu yawa a unguwannin bakin kogi, kuma ɗan haya ne kan fara kwana a ajin lakwal.

Don haka, ɗan uwa, in za ka kama ɗaki, kar ka tsaya ga kuɗin wata kaɗai. Tambayi maƙwabta ina ruwa ke bi da damina, mutum nawa ke kan kwantar wuta ɗaya, kuma a rubuta takarda gaban shaidu. Araha ba ta ado.

Ku kuma a Maraɗi, Tawa da Damagaram, yaya hayar take a unguwanninku? Allah ya ba kowa nasa gida.