Muni Ko Aibi? Tarihin Auna Walda Daga Maƙera Zuwa Yau



Kafin zuwan injin walda, maƙeran Ruma, Batsari da Safana da wuta da zuga-zugi suke haɗa ƙarfe da ƙarfe. Su gasa shi har ya yi laushi, su ɗora kan uwar maƙera, su daka da masaba har biyu su zama ɗaya. Manomi ba ya duba sheƙin fartanya ko galma. Gona ce alƙali: in ta ƙare damina ba ta rabu ba, maƙeri ya ci jarrabawa.

Da garmar shanu da amalanke suka yaɗu, sannan lantarki da janareta suka shigo, sai aiki ya koma hannun masu walda. Tare da su giranda da fenti suka zo, ido ya fara yanke hukunci kafin gona.

Turawa ma sun sha wannan darasi. Ranar 27 ga Maris, 1980, dandalin ma'aikatan haƙar mai mai suna Alexander Kielland ya kife a tekun Norway, mutum 123 suka mutu. Bincike ya gano tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6. An samu fenti a cikin tsagar, alamar tun wajen ƙira take nan, aka shafe ta.

Ƙa'idar duniya ta ISO 5817 ta raba ingancin walda mataki uku: B, C da D, B ne mafi tsanani. Ba kowane tabo ta kira aibi ba. Tartsatsin da ya manne a gefe, sai a duba irin aikin. Ƙananan ramuka da zaizayar gefen ɗinki suna da iyakar da aka yarda. Amma tsagar da ido ke gani, babu matakin da ya amince da ita.

Saboda haka muni na zama aibi ne idan ya nuna ƙarfen bai narke ya kama ba, ko ya rage masa kauri. A yankinmu da matsalar tsaro ta sa ƙofar ƙarfe ta zama garkuwar gida, wannan ba zancen ado ba ne. In ka ba da aikin ƙofa ko amalanke, ka nemi ganin ɗinkin kafin a goge, kafin a shafa fenti.

Masu sana'ar da ke cikinmu, muna jiran ƙarin bayaninku. Allah ya ba mu zaman lafiya.