Sanya, Uwar Magunguna: Abin da Aka Sani Game da Ita a Maganin Firgita da Farfaɗiya

Sanya itaciya ce matsakaiciya da ke tsirowa a dazukan savana na Afirka, tun daga Senegal har zuwa Afirka ta Kudu. Masana tsirrai suna kiran ta Securidaca longipedunculata. Furenta ruwan shuni ne mai ƙamshi, ɗanta kuma yana da fiffike guda wanda iska ke ɗauka. A ƙasar Hausa an fi sanin ta da kirarinta, Uwar Magunguna, kuma da wuya a rasa saiwarta a shimfiɗar masu magani, ko a Misau ne, ko Azare, ko sauran kasuwannin ƙasar Katagum. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirran Hausa a 1916, da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, yana cikin waɗanda suka rubuta labarinta.

Saiwar ce abin nema. Akan jiƙa ta a sha, ko a dake ɓawonta a shaƙa saboda ciwon kai, ko a zuba a garwashi a yi hayaƙi. Masu maganin gargajiya suna ba da ita ga mai firgita, da mai rashin barci, da mai farfaɗiya, da wanda ake cewa iska ta taɓa shi. Waɗannan larurori a likitance ba ɗaya ba ne, amma a gargajiyance sau da yawa ana ɗaure su a dami guda.

Duk wanda ya kankare ɗanyar saiwar zai ji wani ƙamshi mai kama da na man zafi. Ba kama ce kawai ba: sinadarin da ke ba da ƙamshin, metil salisilet, shi ne ake sakawa a cikin mayukan shafawa na ciwon gaɓoɓi, kuma ɗan'uwan asfirin ne. Saiwar tana kuma ɗauke da sinadarai masu kumfa da ake kira safonin. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, ciki har da na jami'o'in Najeriya, sun nuna cewa ruwan saiwar yana kwantar da dabba, yana tsawaita barcinta, yana kuma rage jijjiga. Ke nan masu magani ba tatsuniya suke yi ba. Sai dai abin da ya yi wa ɓera aiki a ɗakin bincike, inda ake auna komai da ma'auni, ba shi ne kofin jiƙo da aka miƙa wa yaro a zaure ba.

A nan haɗarin yake. Sanya tana da dafi idan ta yi yawa: tana jawo amai da gudawa mai tsanani, tana iya kaiwa ga rasa rai, har ma a wasu sassan Afirka an san ta a matsayin guba. Manoma a wasu ƙasashe suna barbaɗa garinta a rumbu don kashe ƙwarin hatsi, abin da ya isa ya nuna ƙarfinta. Mace mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai gyambon ciki, su ne suka fi zama cikin haɗari. Ƙarfin saiwa kuma yana bambanta daga itaciya zuwa itaciya, saboda haka ma'aunin “ɗan kaɗan” ko “cikin tafi” ba abin dogaro ba ne.

Akwai darasi a tarihin wani tsiro na Amurka ta Arewa, Scutellaria lateriflora, wanda Turawa ke kira sikolkaf saboda kwanson furensa ya yi kama da ƙaramar hula. An daɗe ana shan sa don kwantar da hankali, har ya shiga kundin magungunan Amurka daga 1863 zuwa 1916. Daga baya aka riƙa samun masu shan sa da ciwon hanta, bincike kuma ya gano cewa a lokuta da dama an gauraya shi da wani tsiro mai kama da shi daga dangin Teucrium, wanda Faransa ta hana sayar da shi a 1992. Idan ganye a cikin kwalba mai lakabi zai iya rikiɗewa haka, to ina ga garin saiwa da aka ƙulle a leda babu suna?

A Najeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke yi wa magungunan gargajiya da aka sarrafa rajista. Lambar da take bayarwa a matakin farko shaida ce cewa an gwada maganin ta fuskar illa, ba tabbacin yana warkarwa ba. Saiwar da ake sayarwa a shimfiɗa kuwa ba ta bi ta wannan hanya.

Farfaɗiya ita ce ta fi buƙatar a yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa babu faɗuwa idan an gano ciwon, aka ba su maganin da ya dace. Barin maganin asibiti farat ɗaya don komawa kan jiƙo yana iya tayar da jijjiga mai tsanani, haɗa su biyun kuma ba tare da sanin likita ba yana iya ƙara nauyin barci. Mazauna Misau da Katagum suna da asibitin tarayya a Azare, garin da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna.

Ita kanta itaciyar tana shan wahala, domin mai tonon saiwa yakan kashe uwa gaba ɗaya, kuma ba ta da saurin tsirowa. Afirka ta Kudu ta riga ta saka ta cikin itatuwan da doka ta hana sarewa sai da izini.