Daga Fiffiken Jirgi Zuwa Fadamar Haɗeja: Tarihin Wani Lissafi

Da ruwa ya janye daga fadamar Haɗeja, tsohuwar gardama kan tashi tun daga Jahun har Auyo: a ina za a haƙa? Wani ya kafa bututunsa ya faɗa kan yashi mai ruwa, maƙwabcinsa ya ƙare a laka tsantsa. Masu binciken ruwa kan kafa turakun ƙarfe, su tura lantarki cikin ƙasa, su karanta abin da ya dawo. Jama'a na'urar suke yabo ko zagi, alhali babban aikin yana wuyan lissafin da ke mayar da alƙaluman su zama hoton cikin ƙasa.

Tushen ya yi nisa. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa motsin maganaɗisu yana haifar da lantarki, a 1865 kuma James Clerk Maxwell ya ɗaure su biyun cikin ƙa'idojin lissafi. Sai dai da alƙalami ba a iya warware ƙa'idojin nan sai a kan siffa mai sauƙi, kamar ƙwallo ko miƙaƙƙiyar waya. Walther Ritz a 1909 da Boris Galerkin a 1915 sun nuna yadda za a kusanci amsar da ta gagara kamuwa.

Daga nan gardamar asali ta fara. Masana lissafi na cewa Richard Courant ne uban dabarar yin lissafi gutsure-gutsure, domin a 1943 ya yayyanka siffa zuwa ƙananan alwatika. Injiniyoyi na nuna aikin da Turner da Clough da abokansu suka fitar a 1956 kan fiffiken jiragen Boeing. A ƙasar Sin kuwa Feng Kang ya isa ga dabarar da ƙafarsa yana lissafin madatsun ruwa, ya wallafa a 1965. Wasu ma na cewa kwamfuta ce ta yi komai.

Ni a ganina karkatacciyar siffa ce ta haifi dabarar. Duk wanda ya ga rabon gona mai gantsararriyar iyaka ya san sai an yanka ta ƙanana kafin igiya ta auna ta daidai. Kwamfutar nan dai ita ce ta ɗauki dabarar Kane Yee ta 1966, mai aiki da layuka masu kusurwa huɗu, amma a wajen injin da ƙarfe da tagulla da iska suka cakuɗe, alwatika ta fi shiga lungu. Shi ya sa Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya ɗauki dabarar alwatika a 1969 don bututun igiyoyin rediyo, a 1970 shi da wani masani mai suna Chari suka kai ta ga ƙarfen da maganaɗisu ya cika. A 1971 wani masani mai suna Coggon ya shigo da ita binciken ƙarƙashin ƙasa, inda laka da yashi ba sa bin layi.

Sai da aka sha wuya. Lissafin kan fito da amsoshin bogi, igiyoyin da babu su a zahiri. A 1980 Bafaranshe Jean-Claude Nédélec ya kawo maganin: a ɗora abin da ake nema a kan gefen kowane gutsure maimakon kusurwarsa. A kan wannan aka gina manhajoji irin su HFSS, da ake zana eriya da su.

Yau taransifomar unguwa, da injin famfon sola, da wayar da ke aljihu, da irin wannan lissafi ake tsara su. Abin da ke ci mini rai shi ne mu masu saye ne kawai, bayan manhajar FEMM kyauta take. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su sa ɗalibansu su zana cikin ƙasar fadamarmu gutsure-gutsure, domin su ne za su zauna da sakamakon kowace rijiya da aka haƙa a inda bai dace ba.