Yadda Za a Yi wa Ɗan Firamare Bayanin Addinin Buda

Kwanakin baya na shiga wani shagon 'yan China a nan Legas tare da 'yata da ke aji uku na firamare. A kan kanta akwai wani mutum-mutumi mai ƙaton tumbi, baki a buɗe yana dariya. Ta ce, "Baba, wannan waye?" Na ce mata Buda ne, abin bautar 'yan China. Da na koma gida na bincika, ashe kuskure biyu na tafka a magana ɗaya: mutum-mutumin ba na Buda ba ne, kuma shi Buda ɗin bai ce shi allah ba ne.

'Ya'yanmu da ke tasowa a Legas, Ibadan, Anaca da Fatakwal suna cin karo da irin waɗannan abubuwa a shaguna, a finafinan China da na Indiya, da kuma a waya. Idan ba mu ba su amsa ba, wani zai ba su. Shi ya sa na tattara abin da ya kamata iyaye da malamai su sani, da yadda za a faɗa wa yaro daidai hankalinsa.

Wane ne Buda?

Sunansa Siddharta Gautama. An haife shi a Lumbini, a kudancin ƙasar Nefal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, wato ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan gidan sarauta ne a ƙabilar Shakiya, ya tashi cikin daula. Littattafan mabiyansa sun ce mahaifinsa ya ɓoye masa duk wata wahalar duniya, har ranar da ya fita gari ya ga abubuwa huɗu: tsoho, majinyaci, gawa, da wani mai gudun duniya. Abin ya tsaya masa a rai. Yana ɗan shekara 29 ya bar gida don neman sanin dalilin wahala da maganinta.

Ya shafe shekara shida yana yawo da horon kansa da yunwa, sannan ya gane cewa azabtar da jiki ba ya kai mutum ko'ina, kamar yadda holewa ba ta kai shi. Yana ɗan shekara 35 ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure da cediya a garin Bod Gaya, jihar Bihar ta Indiya. A nan ne mabiyansa suka ce ya samu wayewar da yake nema. Daga nan aka fara kiransa Buda, ma'ana wanda ya farka. Kun ga ke nan laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnat kusa da birnin Baranasi, ya ci gaba da koyarwa shekara 45, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80.

Me ya koyar?

Ginshiƙin koyarwarsa magana huɗu ne: rayuwa tana tattare da wahala; tushen wahalar shi ne kwaɗayi da maƙalewa abin duniya; ana iya kawo ƙarshenta; hanyar yin hakan kuma tana da rassa takwas, waɗanda suka haɗa da gyara fahimta, niyya, magana, aiki da sana'a. Shi ya sa alamar addinin ta zama da'ira kamar ƙafar keke mai sanduna takwas.

Akwai kuma alkawura biyar da talakan mabiyi ke ɗauka: ba zai kashe rai ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Sun yi imani cewa aikin mutum yana bin sa, abin da suke kira karma, kuma ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu har sai ya kai matsayin da suke kira nirbana. Addinin bai ginu a kan imani da Mahalicci ɗaya ba. Wannan shi ne babban bambancinsa da Musulunci da Kiristanci, kuma bai kamata a ɓoye wa yaro shi ba.

Ina mabiyansa suke?

Sun kai ɗaruruwan miliyoyi, galibi a nahiyar Asiya. Ɓangaren da ake kira Terabada ya fi ƙarfi a Siri Lanka, Tailan, Kambodiya, Lawos da Myanmar. Ɓangaren Mahayana yana China, Japan, Koriya da Biyetnam. Akwai kuma salon Tibet, wanda Dalai Lama ya fito daga cikinsa. Ita Myanmar ɗin nan ita ce Bama da sojojinmu na Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa da yawa, suka je yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsofaffin littattafansu suna cikin harshen Pali, ana kiransu Tipitaka, wato kwanduna uku. Babban bikinsu shi ne Besak, a ranar da wata ya cika, yawanci cikin watan Mayu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a 1999.

Yadda ake koyar da shi a makarantu

Hanya biyu ce, kuma dole a bambance su. A ƙasashe irin su Siri Lanka da Tailan, 'ya'yan mabiya suna koyon addinin ne don su bi shi. Suna haddar addu'o'insu, suna zuwa wurin ibada. A Siri Lanka har makarantun ranar Lahadi suke da su a harabar wuraren ibada, kusan yadda muke tura yara Islamiyya.

A Ingila kuwa manufar daban ce. Dokar ilimi ta 1988 ta ce darasin addini ya fi ba Kiristanci ƙarfi, amma ya taɓo sauran manyan addinan ƙasar. A aikace ana lissafa shida: Kiristanci, Musulunci, Yahudanci, Hindu, Sik da Buda. Kowace ƙaramar hukuma ke tsara manhajarta, kuma iyaye suna da ikon cire ɗansu daga darasin. Yaro yana koyon abin da wasu suka yi imani da shi, ba a ce masa ya bi ba. Wannan hanya ta biyu ita ce ta shafe mu.

Abin da ya dace da kowane aji

Wannan shawarata ce. Ɗan shekara 5 zuwa 7, labari ya ishe shi: ɗan sarkin da ya bar fada, abubuwa huɗun da ya gani, da bishiyar da ya zauna a gindinta. A nuna masa Indiya da Nefal a taswira. Suna da tarin labarai da ake kira Jataka, guda 547 a harshen Pali, da yawansu na dabbobi ne irin su biri, barewa da giwa, masu koyar da tausayi da riƙon amana. Amma malami ya sani cewa su a wurinsu labaran rayuwar da Buda ya yi ne kafin haihuwarsa ta ƙarshe, don haka ba tatsuniya ce kawai ba.

Ɗan shekara 8 zuwa 11 zai iya ɗaukar alkawura biyar ɗin nan, a ce ya ware wanda ya yi daidai da abin da ake koya masa a gida. Sannan a nuna masa inda aka rabu. Kalma ɗaya ce ke riƙe da darasin duka: "sun yi imani cewa". Da ita yaro zai gane ana ba shi labari ne. Kada a sa shi rusuna wa mutum-mutumi, ko maimaita addu'arsu, ko kwaikwayon ibadarsu da sunan wasa. Kada kuma a mai da su abin dariya, don gobe yana iya zama aji ɗaya ko ofis ɗaya da ɗayansu.

Tambayoyin da yara suka fi yi

"Buda allah ne?" Mutum ne, ya rayu ya mutu. Mabiyansa suna ɗaukarsa babban malami, suna rusuna wa siffarsa, suna ajiye furanni, fitila da turare a gabanta.

"To wannan mai tumbin fa?" Sunansa Budai, wani mai gudun duniya ne da ya rayu a China wajen ƙarni na 10. Ma'anar sunan buhun yadi, saboda buhun da yake yawo da shi. 'Yan kasuwa na ajiye shi don neman sa'a. Siffar Gautama kuwa yawanci siriri ne, a zaune ya tanƙwashe ƙafa, fuska a natse.

"Masu aske kai a fim ɗin faɗa fa?" Galibi ana kwaikwayon 'yan gidan ibadar Shawolin ne da ke lardin Henan a China, kuma mabiya Buda ne. Amma yawancin masu gudun duniyarsu ba ruwansu da faɗa. A Tailan da Myanmar za a gan su da mayafi ruwan goro ko ja mai duhu, suna fita da sassafe da kwano mutane na zuba musu abinci.

"Ba su ne suka kashe Musulmi ba?" Manyan yara kan ji wannan. A faɗa musu gaskiya: a 2017 sojojin Myanmar sun afka wa Musulmin Rohingya, sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, kuma wasu malaman Buda masu tsattsauran ra'ayi sun rura wutar ƙiyayyar. A kuma faɗa musu cewa alkawarin farko a addinin shi ne kada a kashe rai. Mu da muke zaune a Kudu mun san zafin a ɗora wa al'umma guda laifin wasu daga cikinta.

Haƙƙin iyaye a nan gida

A firamaren Najeriya darasin addini na Musulunci ne da Kiristanci. Sai dai makarantun kuɗi masu bin manhajar Birtaniya kan kawo darasin addinan duniya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Don haka idan ka ga sunan Buda a littafin ɗanka, je ka tambayi malami cikin ladabi: labari ake ba su, ko ana sa su aikatawa?

Ni dai na koma na gyara wa 'yata amsar da na ba ta. Ta ce, "Ashe Baba kai ma ba ka sani ba." Na ce mata haka ne, amma yanzu mun sani mu biyu.